Sakawa: Me Aka Saka, Wa Ya Saka?

Bakano ko Basakkwace da ya sauka Accra, garin da mutanen Zango, unguwannin baƙi 'yan arewa a Ghana, ke kira Ankara, ba zai daɗe ba zai ji wata kalma da zai rantse tasa ce, amma ya rasa gane inda ta dosa. Mota ce za ta wuce a babban titin Nima, sabuwa fil, gilasanta baƙi wuluk, kiɗa na tashi, yaron da ke tuƙi bai kai shekara 25 ba. Sai na kusa da shi, Batone ne (wato ɗan Asante) ko Ga, wanda ko sannu bai iya mayarwa ba, ya bi motar da kallo, ya taɓe baki, ya ce: sakawa.

A Ghana yau sakawa tana nufin damfara ta intanet, musamman wadda aka ce an haɗa da tsafi. Jaridu na buga ta a babban kanu, fastoci na wa'azi a kanta, 'yan siyasa na jifan juna da ita. A Kano kuwa irin wannan yaro ɗan damfara ne, ko ɗan yahu, ko a ce ɗan 419, daga lambar sashen dokar Najeriya da ya yi magana kan zamba. Ba mai ce masa ɗan sakawa. Kalmar ta Hausa ce, ma'anar kuma haihuwar Ghana ce, kuma fiye da shekara 15 ke nan ana ta maimaita bayanai iri-iri kan yadda aka yi ta zama haka.

Bayanin da ya fi yawo a jaridun waje shi ne wai sakawa a Hausa tana nufin hanyar samun kuɗi. Wannan ba ya buƙatar dogon musu. Babu kuɗi a cikin kalmar, babu hanya, babu samu. Wani ne ya tambayi ma'anar sana'ar, aka ba shi, ya rubuta a matsayin ma'anar kalmar, na baya kuma suka kwafa.

Akwai wasu bayanai biyu da suka fi wannan kama hankali, domin rubutun boko ba ya nuna jan wasali. Saka ɗin da ke cikin "Allah ya saka da alheri" daban yake da saka ɗin da ke cikin "saka hannu a aljihu", ko da yake a takarda kamanninsu ɗaya. Na farkon ana jan "sa" ɗinsa, kuma daga gare shi sakayya da sakamako suka fito. Wannan fassarar tana yi wa masu harkar daɗi, tunda sananniyar hujjarsu ita ce Turawa sun kwashe zinari da bayi daga wannan gaɓar teku, su kuma yanzu ramawa suke yi. Sai kuma saƙa mai ƙugiya, ta masaƙi, wadda Bahaushe ke cewa an yi da mugun zare. Hausar Zango ta daɗe da zubar da ƙugiya, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, kamar yadda kyau ta koma cau kuma za ka ji an ce mace "ya zo". Saboda haka wanda ya ce asalin kalmar saƙar ƙarya ce bai yi wauta ba. Matsalar dai ita ce duka biyun ana jan farkonsu, alhali sakawar da ake faɗa a titunan Accra gajeruwa ce, a tsinke. Kuma mai saƙa "yana saƙa" ake ce masa, ba kasafai ake ce "yana saƙawa" ba. Abin da ya rage shi ne saka na yau da kullum: zura abu a cikin abu. A kan wannan ne manazarta irin su Joseph Oduro-Frimpong, masanin al'adun zamani na Ghana, suka tsaya.

To amma me aka saka? Nan ne kowa ya kama gabansa. Wani ya ce kuɗi ne ake sakawa a aljihu. Wani ya ce magana ce ake sakawa a zuciyar Bature har ya kasa cewa a'a. Wani ya ce laya ce, wani ya ce zobe. A ganina amsar tana cikin ginin kalmar kanta, kuma duk mai jin Hausa ya san ƙa'idar ko bai taɓa shiga ajin nahawu ba. Je ka wurin mai wake da shinkafa a bakin kasuwar Nima da safe, wadda duk Accra ke kira Hajiya ko Amarya. Ka ce mata, "Hajiya, saka mini ƙwai da taliya." Idan ta yi jinkiri ka sake magana, za ta ce, "Ina sakawa, ɗana, yi haƙuri." Ba za ta ce "ina sakawa ƙwai" ba. In za ta ambaci ƙwan, "ina saka ƙwai" za ta ce. Wannan "wa" ta ƙarshe ba ta fitowa sai an ɓoye abin da aikin ya faɗa wa. Da zarar an ambace shi, sai ta faɗi.

Ke nan sakawa kalma ce da aka cire wa abin da ake sakawa. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ya ji magana mara laifi. Yaro zai iya faɗinta a gaban mahaifinsa, ko a gaban mai shagon intanet, ba wanda zai ɗaga kai. Irin kalmar da masu harkar ɓoye ke nema ke nan a ko'ina. Kuma wannan gurbin da aka bari a buɗe shi ya ba kowa damar cusa abin da ya ga dama daga baya.

Abin da yaran farko suke sakawa kuwa, tarihin harkar ya nuna shi. Ghana ta samu cikakken haɗin intanet a 1995, ta hannun kamfanin Nii Quaynor, tana cikin ƙasashen farko a yammacin Afirka. Jason Warner, a wani nazari da ya wallafa a 2011, ya mayar da farkon damfarar kwamfuta a ƙasar zuwa 1999 da 2000, kuma ya ce da katin banki ta fara. Ma'aikatan manyan otal-otal ne ke kwafe lambobin katin baƙi Turawa su miƙa wa yara a gari, su kuma su sayi kaya ta intanet a aiko Ghana. Wanda ya zauna a shagon intanet na wancan zamani ya san yadda abin yake. Ɗaki ne ƙarami, fanka ɗaya, tsofaffin kwamfutoci da aka kwaso daga Turai a jere jikin bango. Ka biya kuɗin rabin awa ko awa ɗaya, a ba ka 'yar takarda mai lamba. Yara uku ko huɗu a kan kujera ɗaya, ɗaya na bugawa, sauran na leƙe. Shafin kantin Amurka ya buɗe, an zaɓi takalmi ko waya, an iso wurin biya, ga akwatin da ke jiran lambobi 16. Na baya ya zaro wata takardar daga aljihu, ya ce: saka. Idan ta shiga, an ci. Idan ta ƙi, a saka wata. Ban ga wani bayani da ya dace da kalmar da zamanin da wurin kamar wannan ba.

Dalilin da ya sa kalmar ta zo da Hausa ma a fili yake. Tun farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya karɓi filin Nima daga iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga, unguwar ta zama masaukin duk wanda ya sauko daga arewa: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Kotokoli, Mosawa, Dagomba, Wangarawa, har da Yarabawa. Harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci da filin ƙwallo Hausa ce. Wanda ya fara wannan zaurance yana iya zama bai da ko kaka ɗaya Bahaushe. Nima da Maamobi, waɗanda babbar kwata ce kawai ta raba su, suna da abin da harkar ke buƙata: matasa birjik marasa aiki, shagunan intanet masu araha, da 'yan'uwa a Jamus da Amurka da Italiya waɗanda suke turo hoto a jikin mota. Ga kuma Kanda da Cantonments da unguwar filin jirgi, inda masu hali ke zaune, tafiyar ƙafa ce kawai daga nan.

Jenna Burrell, wata manazarciya Ba'amurkiya, ta zauna da matasan shagunan intanet na Accra, har da na Maamobi, a 2004 da 2005, ta kuma fitar da littafi a kansu a 2012. Abin da ta tarar a zuwan farko shi ne 419 ake cewa, kuma yawancin masu gwada sa'ar ba su samun komai sai asarar kuɗin awa. Labarin wani da ya samu ne ke riƙe da su. Da ta koma a 2010, wasu sun fara samu da gaske, kuma sunan da ke bakin kowa ya zama sakawa. A tsakanin nan harkar ta sauya. Kantunan waje da yawa sun daina karɓar odar da ta fito daga Ghana, sai aka koma soyayyar ƙarya da cinikin zinarin bogi: saurayi ya zama budurwa, ko sojan Amurka da matarsa ta rasu, ya yi wata da watanni yana lallaɓa wanda suke kira abokin ciniki.

Har zuwa nan babu gawa a labarin, babu maciji. Su sun shigo ne wajen 2008 da 2009, lokacin da kalmar ta tsallake kwata ta faɗa hannun 'yan jarida da masu fim. Kwatsam sai gari ya cika da labarai: yaro ya kwana a akwatin gawa, wani an hana shi wanka, wani yana yawo ba takalmi, wani ya rikiɗa. Masu talla a bakin titi suka riƙa sayar da manyan hotuna irin na kalanda masu nuna waɗannan abubuwa. Masu shirya fim, irin su Socrate Safo, suka yi ta fitar da kashi na ɗaya, na biyu, na uku. A 2011 kafar Vice ta Amurka ta yi shiri a kan yaran sakawa, duniya ta gani, a 2018 kuma Ben Asamoah, ɗan Ghana mazaunin Beljiyam, ya fitar da nasa fim ɗin mai suna Sakawa. Sunan garin Agona Swedru, wanda yake can Jihar Tsakiya, ƙasar masu jin Fante, ya shiga labarin har ya kusa shafe na Nima.

Waɗannan hotuna na tsafi sun girmi intanet nesa ba kusa ba. Tonawa suna da sika duro, maganin kuɗi, tun zamanin da noman koko ya fara azurta wasu ya bar wasu, kuma ana ba da labarinsa da irin waɗannan sharuɗɗa: dukiya ta zo da sauri, a biya da jinin ɗan'uwa ko da gajeren kwana. A farkon shekarun 1990 William Akuffo ya yi fim ɗin Diabolo, inda mutum ke rikiɗa maciji, matan da ya yaudara su riƙa aman kuɗi. A 1992 Najeriya ta yi Living in Bondage a kan mutumin da ya ba da matarsa don arziki. Duka biyun sun fito kafin a buɗe shagon intanet ko ɗaya a Accra. Abin da ya faru a 2009 shi ne an ɗauki tsohon labari aka zuba shi a sabuwar kalma, kalmar kuma da ma da gurbi a cikinta. Makwabta ma sun yi irin wannan haɗin da nasu sunayen: Najeriya ta ce yahu-fulos, Kwaddebuwa na da nata masu damfarar da nasu bokayen. Ghana ce kawai ta ɗauki kalmar Hausa.

Me ya sa ta zauna daram a kunnen mutanen kudu? Domin a wurinsu Hausa da asiri tsofaffin abokan tafiya ne. Turawa biyu, Bowdich da ya je Kumasi a 1817, da Dupuis a 1820, duk sun tarar da malamai Musulmi a fadar Asantehene Osei Bonsu suna rubuta layu, ana saye da tsada. Rigar yaƙin sarkin Asante, batakari babba, a lulluɓe take da layu har yau. A ɗakin karatu na sarauta da ke Kopenhagen akwai tarin takardun Larabci daga Kumasi na wancan zamani, mafi yawansu addu'o'i da hatimai. Shekara 200 ke nan Batone na zuwa wurin malam neman sa'a. Shi ya sa a Turancin Ghana "malam" ta kusa zama boka: in an ce wane ya je wurin malam, ba mai tunanin karatu ya je. Da aka ji sabuwar harka mai suna da Hausa, ba a tsaya tambaya ba, aka ce ai aikin malamai ne.

Ba wannan ne karon farko da aka rataya wa Hausa sunan wani laifi a Ghana ba. A zamanin Janar Acheampong, 1972 zuwa 1978, lokacin da sabulu da madara da sukari suka ɓace daga kantuna, ɓoye kaya da tsawwala farashi da cuwa-cuwar takardar izini sun samu suna kalabule. A kan kalabule aka yi wa mata bulala a bainar jama'a bayan juyin mulkin Rawlings na 4 ga Yuni 1979, aka kuma rushe kasuwar Makola a watan Agustan shekarar. Littattafai da dama suna cewa kalmar daga Hausa take, wai daga "kere kabure", wai ma'anarta a yi shiru. Faɗa wa Bahaushen Katsina ko na Zangon Kumasi wannan, zai ce ka maimaita. Mu "yi shiru" muke cewa, ko "kame bakinka", ko "rufa asiri". Duk da haka bayanin ya zauna, ana ta kwafarsa. Sai 'yan goro, masu tsayawa a ƙofar ofishin fasfo ko na lasin tuƙi su karɓi na goro su gaggauta maka takarda. Goro dai namu ne, ba musu, shi ya kai kakanninmu Salaga da Gwanja. Amma masu tsayuwar da masu karɓa a cikin ofis daga kowace ƙabila suke.

Gaskiya Hausa ta ba Ghana kalmomi masu yawa da ba na laifi ba. Waakye wake ne, koose ƙosai ne, kooko koko ne, tuo zaafi tuwo ne mai zafi, kayayoo kaya ne aka haɗa da kalmar Ga mai nufin mace, garin Kasoa kuma kasuwa ce. Harshen kasuwa da titi ne, shi ya sa abin da aka haifa a titi, mai daɗi da mara daɗi, yakan fito da sunan Hausa. Bambancin shi ne ba wanda ke cin waakye ya tuna da Nima, amma in an ce sakawa sai a waiwayo ta.

Kada kuma mu wanke kanmu fiye da kima. Kalmar a bakin yaranmu aka fara jin ta, kuma ba don ba sa cikin harkar ba. Akwai masu rawani a Zango da suke karɓar hoton Baturiya da sunanta da na mahaifiyarta, su yi rubutu, su karɓi rabonsu idan kuɗi ya faɗo. Akwai gidajen da yaro bai da sana'ar da kowa ya sani, ya sauya rufin ɗaki, ya biya wa tsohuwa kujerar Makka, ba wanda ya ce masa "ɗana, ina ka samu?" Akwai bikin da ake liƙa dala, maroƙi na wasa wanda kowa ya san aikinsa. Limamai na faɗa a huɗuba, amma kalmar da kanta tana taimaka wa mai son kauda kai. Damfara tana da nauyi a baki, zamba cikin aminci ma haka, cuta ta fi su. Kowacce tana nuna akwai wanda aka zalunta. Sakawa ba ta nuna kowa. Gwauruwar da ta tura kuɗin fanshonta daga wani ƙauye a Amurka ba ta cikin kalmar, kamar yadda lambar katin ba ta ciki tun farko.

Labarin tsafin kuma, wanda aka fara da shi a matsayin nishaɗi, ya yi nasa ɓarnar. Tashoshin talabijin suka cika da masu alkawarin ninka kuɗi, wasu da rawani, wasu da farar ƙasa a jiki, lambar waya na gudu a ƙasan allo. A watan Afrilun 2021, a Kasoa, wasu samari biyu suka kashe yaro ɗan shekara 10 ko 11, makwabcinsu, bayan sun tuntuɓi wata bokanya da suka samu ta talabijin don neman maganin kuɗi. Ba kwamfuta a wannan ta'asa, ba Bature, amma sakawa mutane suka kira ta. A wannan watan ne hukumar sadarwa ta ƙasa ta sanar da rufe tashoshi 49 da ke aiki ba lasin. Kalmar da ta fara a matsayin zaurancen shagon intanet ta kai inda take ɗaukar kisan kai.

Masu harkar na gaske kuwa sun daɗe da barin ta. Zaurance ba ya amfani in kowa ya gane shi, saboda haka da yawansu sun fi so a ce musu 'yan gem. Sun bar shagon intanet sun koma waya da gidajen haya masu katanga a unguwannin masu kuɗi. A watan Agustan 2025 Ghana ta miƙa wa Amurka mutum uku da ake tuhuma da hannu a damfarar da ta haura dala miliyan 100, adadin da yaran da ke saka lambar kati don takalmi ba su taɓa mafarkinsa ba. Gwamnati ta yi dokar mu'amala ta lantarki a 2008, ta kafa ofishin yaƙi da laifukan tattalin arziki a 2010, ta yi dokar tsaron intanet a 2020.

Hukuncina a kan tsohuwar tambayar shi ne: kalmar ta Zango ce, dabarar ta zo daga katin otal da wasiƙun 419, akwatin gawa da macijin kuma na sika duro ne. Wanda ya ce Nima ce ta haifi duka ukun ya yi mata ƙazafi, wanda ya ce ba ruwanta ya yi ƙarya. Ga masu wa'azi da masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyon Accra da Kumasi, roƙona ɗaya ne: idan za ku yi magana a kan wannan harka, ku kira ta damfara, ku ambaci wanda aka cuta. Alƙali ma haka yake yi. A sashe na 131 na dokar laifuka ta Ghana ta 1960 babu sakawa, zamba ta hanyar yaudara ce a rubuce, kuma ɗaurinta yana iya kaiwa shekara 25.